Kukan Kufai a Birnin da Ba Shi da Kufai: Begen Tsofaffin Wasannin Talabijin da Haƙƙin Waɗanda Suka Yi Su

 



Gabatarwa

Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure har karatu ya kai shi ga waƙoƙin Larabawan jahiliyya ya san cewa al'adar sha'iransu ce, tun daga Imru'ul Ƙaisi har waɗanda suka bi sawunsa, kafin ɗayansu ya shiga yabo ko zambo ko alfahari, sai ya tsai da raƙuminsa a kufan da masoya suka tashi suka bari, ya dubi gurbin murhu da alamun turaku, ya zub da hawaye gwargwadon hali, sa'an nan ya kama hanyarsa. Mas'alar da na ɗauko yau 'yar'uwar wannan ce, domin kuwa mu ma muna da kufan da muke tsayawa a kai, watau tsofaffin wasannin kwaikwayo na talabijin da finafinan da mutanenmu suka tashi da su tsakanin shekarun 1960 da farkon shekarun 1990, da kuma dattawan da suka fito a cikinsu, waɗanda mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuwa tsufa ya ɗaure su a ɗaka.

Ba kuwa a banza na zaɓi yin wannan magana a unguwar Gudu ta Abuja ba. Birnin nan da muke ciki sabo ne fil: ranar 3 ga Fabrairu, 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta haife shi, ba a kuma tare a cikinsa a hukumance ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida, ko sunan da yake amsawa ma aro aka yi daga tsohuwar Abuja, wadda ta koma Suleja. In aka ɗebe Gbagyi da sauran waɗanda aka tarar a wurin, kowa a nan baƙo ne, kuma Bahaushen da ya haura shekara hamsin a Gudu ko Apo ko Durumi, ko dai canjin wurin aiki ne ya ɗauko shi daga Kaduna ko Legas, ko kuwa fatauci ne ya kawo shi daga Kano, Zariya, Sakkwato ko Jos. Irin wannan mutum ba shi da wata tsohuwar silima a garin nan da zai nuna wa ɗansa ya ce nan muka yi layi, ba shi da dandalin da ya yi wasa yana yaro, saboda haka abin da ya rage masa na ƙuruciya wanda zai iya ɗaukowa ya nuna shi ne guntun Samanja ko Karkuzu na 'yan mintoci da wani ya turo masa ta WhatsApp, hoton ya dushe, sautin yana rawa. Wanda ya lura da rumfunan Kasuwar Gudu bayan La'asar, lokacin da ciniki ya lafa, ko majalisun 'yan fansho bayan Isha'i, zai ga waya tana zagayawa hannu zuwa hannu ana dariya, daga ƙarshe wani ya nisa ya ce, Allah sarki, an yi mutane.

Abin da nake son tabbatarwa a wannan takarda guda ɗaya ne: wannan bege yana da asali na gaskiya, amma har yau bai wuce fatar baki ba, alhali kuwa abin da ake begen yana salwanta ta hanyoyi biyu a lokaci guda, ta lalacewar kaset ɗin da aka ɗauke shi a kai da ta mutuwar waɗanda suka yi shi, kuma saboda wata siffa ta musamman da wasannin nan suke da ita, wadda bayaninta zai zo a gaba, hasararsu ta fi hasarar littafi muni nesa ba kusa ba.

Yadda allon ya iso gare mu

Hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce majigi, motar da hukuma take aikawa gari gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin kasuwa bayan Magariba, a nuna wa jama'a tsabta da rigakafi da dabarun noma, tafinta yana tsaye da lasifika yana ƙara gishiri. Daga irin wannan ne aka sami Baban Larai a tsakiyar shekarun 1950, fim ɗin da aka shirya don kwaɗaitar da manoma ga auduga, wanda dattawa suke ambato har gobe. Ta biyu ita ce silimar kuɗi, wadda akasari Kwarori 'yan Labanan suka gina: an buɗe Rex a Kano a 1937, Palace ta biyo baya a farkon shekarun 1950 a cikin ganuwa, sa'an nan su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, kuma masu waɗannan gidaje su ne suka fara kawo finafinan Indiya tun wajen ƙarshen shekarun 1950.

Talabijin kuwa, bayan Jihar Yamma ta buɗe tata a Badun a watan Oktoba na 1959, Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Firimiya Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta buɗe ta Kaduna a 1962 da haɗin guiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe gidajen talabijin na ƙasa ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda muka sani da NTA. Da mulkin farar hula ya dawo a 1979 jihohi suka sami ikon buɗe nasu, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano, wadda yau take amsa sunansa. Shekaru goma sha biyar ɗin da suka biyo bayan 1977 su ne zamanin da ake kuka a kai. Kaduna tana da Samanja Mazan Fama da Karambana da Magana Jari Ce, Kano tana da Kuliya Manta Sabo da Bakan Gizo da Hadarin Ƙasa, Jos tana da Karkuzu na Bodara, ƙasar Sakkwato tana da Golobo, sa'an nan ga Cock Crow at Dawn da aka soma ɗauka a ƙasar Jos a 1980 da Turanci, wanda duk Nijeriya ta zauna dominsa. Abin da ya kawo ƙarshen zamanin sananne ne: tsuke bakin aljihun da aka shiga daga 1986 ya busar da kuɗin shirye-shirye a tashoshin gwamnati, a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan wasa ya bar tasha ya koma kanti.

Me ake bege, a haƙiƙa?

Idan aka tambayi dattijo abin da ya sa yake fifita wasannin da a kan na yau, jawabin da ya fi sauƙi a bakinsa shi ne cewa na da akwai tarbiyya da kunya, na yau kuwa rawa ce da waƙa irin ta Indiya. Insafi ya wajabta mana mu auna wannan da'awa kafin mu karɓe ta, domin tambayar da take biyo baya ita ce: su waye suka cika Plaza da Marhaba a shekarun 1970? Ai su ne, ba wasu ba. Su ne suka raɗa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi, ƙannensu suka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, su ne suka kalli Mother India, fim ɗin 1957, har wasunsu suka haddace shi ba tare da sun ji kalma ɗaya ta Indiyanci ba. Hasali ma, bisa ga ƙididdigar Farfesa Abdalla Uba Adamu, tashar NTA ta Kano ita kanta ta nuna finafinan Indiya fiye da dubu tsakanin 1977 da 2003, har masu bandiri suka ari karin waƙoƙinsu suka ɗora begen Manzon Allah a kai. Iyayen waɗannan dattawa kuwa, a nasu zamanin, gidan shaiɗan suka ɗauki silima, kuma da gobara ta cinye silimar El-Duniya a Kano a 1951, ta hallaka mutum fiye da ɗari uku, da yawa daga cikin mutanen gari azaba suka fassara ta. Ashe ke nan wanda yake zargin ɗansa yau, jiya shi ne ubansa yake zarga, kuma rawar da yake ƙi a finafinan Kano irin da shi da kansa ya shuka ne ya tsiro.

Abu na biyu da ya kamata a cire daga lissafi shi ne daɗin da ƙaranci yake sa wa abu. A wancan zamani tasha ɗaya ce a mafi yawan garuruwa, ba ta buɗewa sai da yamma, ta rufe da taken ƙasa in dare ya yi. Akwatin talabijin kuma ba ya wuce ɗaya ko biyu a unguwa, yara suna zube kan tabarma a gidan wani Alhaji, waɗanda aka kora suna leƙe ta taga, wasu kuma suna cincirindo a gidan kallo na ƙaramar hukuma. Gari na wayewa kowa yana maimaita barkwanci ɗaya, a makaranta da ofis da bakin famfo, domin kowa abu ɗaya ya gani a sa'a ɗaya. Wani kaso mai yawa na hawayen da ake zubarwa na wannan majalisa ne, da na ƙuruciyar mai kukan, da na uwa da uba waɗanda suke raye a lokacin, kuma wannan kaso babu taron masana ko kasafin gwamnati da zai dawo da shi. A kuma tuna cewa tashoshin na gwamnati ne, galibin wasannin don wayar da kai aka shirya su, suna iya taɓa ɗan kasuwa mai algus da miji mai sakaci da masinja mai cin hanci, amma da wuya su ɗaga kai su dubi wanda yake bisa. Wasunsu ma wa'azi ne tsagwaronsa aka yafa masa rigar wasa, wanda da za a nuna shi yau da ba a kai ƙarshensa ba.

To, bayan an cire wannan an cire wancan, shin akwai saura? Ra'ayina shi ne akwai, kuma sauran shi ne mafi tsada, watau harshe.

Wasan da ba a rubuta ba

Siffar da na yi alkawarin bayani ita ce, mafi yawan wasannin nan ba a rubuta maganganunsu ba, kamar yadda Graham Furniss ya nuna a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, kuma kamar yadda duk wanda ya yi aiki a tashoshin zai shaida. Mai shiryawa ƙashin bayan labari kawai yake kawowa, ya ce wane zai shigo ya tarar da wance ta yi kaza, rigima ta tashi, a ƙare gaban alƙali. 'Yan wasa su gwada sau ɗaya ko biyu, sa'an nan a kunna na'ura kowa ya zubo magana daga cikin kansa. Natijar wannan ita ce Hausar da take cikinsu Hausar baki ce mai rai, da karin maganarta da habaicinta da zaurancenta da gatsenta, kamar yadda ake yin ta a wancan gari a waccan shekara, ba wadda wani marubuci ya zauna ya tace ba.

A dubi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja. Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, ya yi aikin soja na gaske kafin ya sa kakin wasa, kuma abin da yake fitowa daga ƙarƙashin gashin bakin nan nasa shi ne Hausar bariki, wadda ta cakuɗa da Turancin buroka da kalmomin fareti, Hausar da ta kasance harshen umarni a rundunar soja tun zamanin Turawa, wadda Batibi da Bazabarme da Ba'angashe suka yi magana da ita a fagen daga. Wannan Hausa ba ta da littafi, ba ta da ƙamus, masu yin ta kuma suna ƙarewa, saboda haka duk mai son ya san yadda take a shekarun 1970 da 1980 ba shi da hujjar da ta kai kaset ɗin Samanja. Haka Kasimu Yero, wanda Zazzaganci yake gudana a bakinsa da wata irin balaga da sarrafa murya wadda ni dai ban ga na biyunsa a allo ba. Haka Daudu Galadanci a kujerar Kuliya, inda mai nazarin shari'a zai ga yadda talaka yake kai ƙara, da yadda mace take kare kanta gaban alƙali, da lafuzzan da muhuti da ɗan doka suke amfani da su, abubuwan da kundin kotu ba ya rubutawa. Haka Abdullahi Shu'aibu Karkuzu da Hausar Jos, garin kuza da ya tara kowane iri. Haka Golobo da karin harshen yamma, wanda 'yan boko suka daɗe suna yi wa kallon ƙauyanci alhali ya fi daidaitacciyar Hausa riƙe tsofaffin sigogi.

Yanzu a gwada wannan da wasannin da suka sami gatan alƙalami. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Muhammad Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, duk an buga su, ana karanta su a makarantu, in gara ta ci kofi ɗaya akwai ɗari a wani wuri. Wasannin Maƙarfi ma a rediyo suka fara, iska za ta tafi da su da ba a kai su maɗaba'a a Zariya ba. Amma wasan da aka yi shi da ka, kaset ɗinsa shi ne asalinsa shi ne kuma kofinsa, ranar da ya lalace babu wani wuri a bayan ƙasa da za a koma a ɗauko shi.

Kaset kuwa abu ne mai ajali. Irin waɗanda tashoshi suka yi aiki da su, U-matic da Betacam, siririn leda ne da aka manna wa garin ƙarfe da wani irin danƙo. Zafi da laima suna narkar da danƙon ya yi yauƙi, fumfuna ta hau, ƙurar hunturu ta shiga, ɗakin ajiyar da ba ya samun sanyi dare da rana kuwa kabari ne gare su. Faifan majigi shi ma in ya tsufa sai ya soma warin tsami, ya ƙanƙance, ya karye. Kafin ma a kai ga wannan, akwai illar da ta fi ta yanayi sauri: kaset yana da tsada, da kuɗin waje ake sayo shi, saboda haka al'ada ce a gidajen talabijin na duniya, har da BBC, in an nuna shiri a shafe shi a ɗora wani a kai. Na'urorin da suke karanta waɗannan kaset ɗin ma kamfanin Sony ya daina ƙera su, injiniyoyin da suka san gyaransu kuma sun yi ritaya.

Taurari a lokacin tsufa

Kasimu Yero ya rasu a Kaduna a watan Satumba na 2017. Sadiq Daba, Bitrus na Cock Crow at Dawn, ya rasu a Legas a watan Maris na 2021 bayan doguwar jinya wadda sai da aka nemi taimakon jama'a a kanta. Samanja ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023. Karkuzu ya rasu a Jos a watan Maris na 2025, bayan ya rasa ganinsa, ya kuma fito ya bayyana wa duniya halin da yake ciki, har ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya saya masa gida, Allah ya saka masa da alheri. A watan Fabrairu na 2022 kuwa Hajiya Ladin Cima, wadda ta faro wasa tun zamanin talabijin, ta shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa 'yan dubban nairori ake sallamarta da su in ta fito a fim, maganar da ta ta da ƙura a Kano makonni, masu shirya finafinai suna kare kansu, jama'a suna la'anta, sa'an nan ƙurar ta kwanta aka koma yadda ake.

Ba na son mu tsaya ga tausayi, domin tausayi ba ya bayyana sababi. Sababin, a ganina, yana cikin yadda al'ummarmu ta tsara sana'a tun asali. Maƙeri yana da Sarkin Maƙera, mahauci yana da Sarkin Pawa, ɗa yana gadon uwar maƙera da matsayin ubansa. Makaɗin fada kuma yana da ubangida, kamar yadda Narambaɗa yake da Sarkin Gobir na Isa, kuma wajibin ubangida ne ya ba shi doki da riga da hatsi, ya kuma dubi iyalinsa in ƙarfinsa ya ƙare. Ɗan wasan talabijin ya zo da sana'ar da ba ta da gurbi a wannan tsari: ba shi da sarkin sana'a, ba shi da abin da ɗa zai gada, jama'a suna dariya da shi da dare su kira shi ɗan dirama da rana, ubangidansa kuwa hukuma ce, wadda ba ta da fuska, shugabanninta suna canjawa, wanda ya zo bai san alkawarin wanda ya tafi ba. Waɗanda suke ma'aikatan tasha sun tsira da ɗan fansho. Waɗanda ake kira daga gari kuwa sallama ake ba su a kan kowane shiri, a rabu, ko da za a maimaita nuna shirin shekara ashirin.

Malaman fiƙihu sun shar'anta a babin ijara cewa lada ya zama sananne, aikin ma ya zama sananne. To, mutumin da ya karɓi sallama a 1983 don a nuna wasansa a tashar gari, shin ya sayar da haƙƙin a ɗora shi a YouTube da TikTok bayan shekara arba'in, wani da bai san shi ba yana karɓar kuɗin talla a kansa, magadansa suna kallo? Wannan mas'ala ce da ta cancanci malamanmu su zauna a kanta, ga shi kuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Birnin Tarayya a nan Gudu take. Ta fuskar dokar ƙasa ma, sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi haƙƙin mai fitowa a wasa daban da na mai tasha. Abin da muka saba yi shi ne mu jira sai an nuno dattijo a kan gadon asibiti, sa'an nan a yi karo-karo, a ɗauki hoto. Wannan sadaka ce, tana da ladanta, amma ba ta sauke bashi, kuma tana tilasta wa mai mutunci ya tona asirin kansa kafin a ba shi abin da tun farko nasa ne.

Abin da aka tsinta a Jos da Legas

Kada a ce lokaci ya ƙure, domin akwai hujjoji biyu da suke nuna akasin haka, ko da yake dukansu akwai abin kunya a ciki. A watan Oktoba na 2013 BBC ta ba da sanarwar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin faifai, Philip Morris, ya gano kashi tara na shirin Doctor Who na shekarun 1960, waɗanda ita kanta ta shafe nata ta fid da rai da su, a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos, inda suka kwana shekara da shekaru. Aka kwashe su zuwa Ingila, aka gyara, aka sayar wa masu begensu a faɗin duniya. Watau Turawa sun taso tun daga ƙasarsu sun bi tashoshinmu ɗaki ɗaki suna neman nasu, a garin Karkuzu kansa, mu kuwa muna zaune muna tura wa juna guntaye.

Hujja ta biyu ta fi kusa da mu. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun, an daɗe ana ɗaukarsa ɓatacce, sai a 2016 aka gano faifansa a cikin tarin gwangwanaye a tsohon ginin sashen finafinai na gwamnati a Legas, ta ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Fim ne na Hausa daga littafin Firayim Ministan farko na ƙasar nan, amma mutanen Jamus sun riga jikokin Bauci ganinsa a sabuwar kamarsa. Ina Kanta na Kabi na shi Adamu Halilun, ina Ruwan Bagaja, ina Ƙasarmu Ce ta Saddik Ɓalewa ta 1991, yaro nawa ne a Abuja ya taɓa ganin ɗaya daga ciki?

Aikin da yake gabanmu

Magabata sun bar mana hanya a irin wannan hali. Lokacin da Halifa Umar ɗan Abdul'azizu ya ga malamai suna ƙarewa, ya ji tsoron ilmi ya tafi da tafiyarsu, sai ya yi umarni a tattara hadisai a rubuta, malamai kuma suka kafa ƙa'idar isnadi, kowace riwaya a san wanda ya ji ta daga wa. Allah ya kiyaye in daidaita darajar wasan kwaikwayo da ta hadisi. Manhajar kawai nake aro, kuma manhajar tana cewa a fara da mutane kafin takardu, domin kaset ɗin da ya jure shekara arba'in la'alla ya jure biyar nan gaba, dattijo mai shekara tamanin kuwa babu wanda zai lamunce masa damina ɗaya. Waɗanda suka saura daga 'yan wasa, da masu shiryawa, da masu ɗaukar hoto, da ma'ajin ɗakin kaset, a bi su gida gida da na'urar ɗaukar magana, a tambaye su wane ne ya fito a wane shiri, a wace shekara, wa ya ƙago labarin, nawa aka biya. In ba haka ba, ko an ceto kaset ɗin za a sami fuskokin da babu mai iya sa musu suna, kuma ba za a san magadan da za a kai wa haƙƙi ba. Wannan aiki ne da ɗaliban sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo za su iya yi a matsayin kundin digiri, maimakon a yi ta maimaita nazarin jigo da salo a littattafai biyar ɗin da kowa ya riga ya tatse.

Game da kaset ɗin kansu, wuraren da alhakin ya rataya a kansu sanannu ne: hedikwatar NTA tana nan Garki, tafiyar 'yan mintoci daga inda muke zaune, taskar finafinai da sauti ta ƙasa tana Jos ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya, Gidan Arewa yana Kaduna da gogewarsa ta adana takardun tarihi tun 1970. Abin da ake buƙata da farko ƙidaya ce, a buɗe ɗakunan ajiya na Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato a rubuta abin da yake ciki da halin da yake ciki, a buga jerin kowa ya gani, domin ba a neman kuɗin ceton abin da ba a san adadinsa ba.

Akwai kuma wata taska da ba ta cikin lissafin kowace hukuma, wadda nake kyautata zaton wani yanki nata yana cikin unguwannin nan da suke kewaye da mu. A shekarun 1980, lokacin da na'urar bidiyo ta shiga gidajen manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, mutane da yawa sun riƙa naɗar shirye-shirye daga talabijin a kaset ɗin VHS don iyali ko don aika wa ɗan'uwa da yake karatu a waje, kuma da aka yi ƙaura zuwa Abuja kwalayen nan sun biyo kaya, suna nan a sito ƙarƙashin tsofaffin fayiloli. Galibin guntayen da suke yawo a waya ma alamunsu suna nuna daga irin wannan naɗi suka fito. Roƙona ga duk wanda yake da irin wannan kwali shi ne kada ya zubar, kada kuma ɗoki ya sa ya cusa kaset ɗin a tsohuwar na'ura don ya gwada, domin ledar da ta yi fumfuna ko yauƙi tana iya tsinkewa ko ta kankare a juyi ɗaya. A raba shi da ƙasa da bango mai laima, a tsai da kaset ɗin a tsaye a wuri mai sanyi da inuwa, a rubuta abin da aka tuna game da shi a takarda a haɗa, har a sami wanda ya san aikin ya share shi ya juye shi a kwamfuta. In an juye kuma, kafin a sake shi a intanet, a nemi iyalan waɗanda suke ciki a yi yarjejeniya da su a rubuce a kan kason da zai riƙa isa gare su.